Ba Ta Irinku Ba Ce

Tamaske, 26 ga Fabrairu, 1996

Zuwa ga taubashiyata Lantana, a Yamai.

Ranar jajibirin ƙaramar salla na gan ki, kuma tun daga ranar ban koma yadda nake ba. Bayan an sha ruwa muka tafi ƙofar mai gari inda ake kunna tele ta jama'a, ina goye da Zaliha. Ana gama labarai sai ga ki kin cika gilashin, cikin farin leshi, bisa kujera mai laushi, da jariri a cinyarki kamar an hura shi. Kika ɗaga gwangwani kika ce, "Madarar Farin Wata. Ni ma da ita na reni nawa." Ban san sa'ad da na miƙe ba, na ce, "Wallahi danginmu ce!" Mata suka bushe da dariya, wai littattafai sun taɓa mini kai. Sai da tsohuwa Jima ta matsa ta ƙura ido ta ce, "Ita ce, ɗiyar Madawa da ta bi 'yan sinima." Ranar kam da ƙyar ƙafata ta taɓa ƙasa har gida.

Kin ga ɗoki ya sa na tsallake gaisuwa. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa kamar yashin gulbi, da fatan kin yi salla lafiya. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara leƙowa.

In kin manta, ni ce Fa'iza ɗiyar Ɗayyabu mai ɗinki. Kakana da kakarki ciki ɗaya suka fito, shi namiji ita mace, don haka ke baiwata ce ko kin hau jirgin sama sau ɗari. Sau ɗaya muka haɗu, da kika zo ta'aziyyar kakana ina da shekara tara. Kika ja mini kunne kika ce, "Wagga baƙauya mai ido kamar na mujiya, ta wa ce?" Haruna direba, mai zuwa Yamai da albasa, shi ya ce ya san gidanku, shi zai kawo miki wannan.

Na yi aure bara waccan. Maigidana Mahdi yana Abijan, ya tafi ina da ciki, bai ga ɗiyarsa ba har yau. Watanta huɗu. Ni kam ina faɗin sunanta, ko da ta fari ce. Surukata har toshe kunne take yi, amma a littattafan da nake karantawa kowace uwa na kiran ɗanta. Mahdi ya aiko in ɗauki hotonta in tura masa. Abin da ya hana ni, siririya ce kamata. Tana shan nono sosai, ba ta ciwo, amma ba irin jaririn da mutum zai zaro daga aljihu ya nuna wa abokai a tasha ba ce. Da na ga naki, sai na yi ta duban tawa.

Ki gaya mini, da gaske madarar ce ta yi masa wannan kumatu? Cokali nawa ake sawa? Mi sunansa? Kuma ki ba ni labarin fim. An ce kin yi uku, ni ko ɗaya ban gani ba. Ina kwatanta ki da matan cikin littafi masu sauka daga mota ana buɗe musu ƙofa.

Uwargijiyarki,
Fa'iza

*

Yamai, 14 ga Maris, 1996

Zuwa ga baiwata ta Tamaske.

Na samu takardarki, na yi dariya har mai gadi ya leƙo. Ashe mujiyar nan ta yi girma har ta iya "kamar yashin gulbi"! Wa ya koya miki? Ina lafiya, ina gaida Ɗayyabu, ki ce masa har yau ina da rigar da ya ɓata mini, hannu ɗaya ya fi ɗaya. Ki gaida tsohuwa Jima, ki ce in ta ƙara kirana wadda ta bi 'yan sinima, zan fito daga gilashin in kwashe mata goro.

Wai ni ce baiwarki. Ke da ba ki taɓa ganin kwalta mai layi biyu ba!

Fim kike tambaya. An yi, an gama. An buɗe mini ƙofar mota, ƙwarai, a Wagadugu da can Turai inda sanyi ya kusa cire mini hanci. Yanzu talla nake yi, abin da muke ce wa reklam. Na sayar da sabulu, na sayar da dunƙulen miya, yanzu madara. Gobe in an ce in sayar da jaki, zan rungume shi in ce da shi na yi aure. Duk abin da kika gani a gilashin nan wasa ne, ƙanwata.

Yaro kuwa, wane yaro? Ni ban san sunansa ba.

Batun cokali, ki fita daga ciki. Madarar nan ba ta irinku ba ce, ta masu ruwan famfo da sanyin firigo ce. Ke da ke rabon ruwan rijiya da raƙuma, ina ke ina gwangwani? Ki ba ɗiyarki abin da Allah ya rataya miki a ƙirji, ki bar Mahdi ya ga hoton siririya. Shi ma ai ba giwa ba ne, in dai irin mutanen Tamaske ne.

Zan yi tafiya, ban san yaushe ba tukun. Ki dinga rubutowa, kina sa ni dariya, kuma abin ya yi mini ƙaranci kwanakin nan.

Uwargijiyarki ta gaskiya,
Lantana

*

Tamaske, 9 ga Afrilu, 1996

Zuwa ga Lantana mai ruwan famfo.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna lafiya, zafi dai ya kai inda ya kai. Baba ya ce hannunki ne ɗaya ya fi ɗaya, ba rigarsa ba.

Na karanta wa mata takardarki a bakin rijiya, sau biyu. Da na zo wajen "ba ta irinku ba ce" suka ce, "Af! Fa'iza, taubashiyarki ta kashe ki." Na ce su jira su gani. Tun kakanni ba a taɓa yin ɗiyar mace ta ci ɗiyar namiji da baki ba.

To ga labari: na saya. Haruna ya kawo mini gwangwani daga Tawa, da bibero, kwalbar shayar da jariri, mai zanen agwagwa. Fuskarki na jikin gwangwanin, na kafa ta bisa kwanonina, kina kallona ina kallonki. Ranar farko Zaliha ta ƙi, ta tura robar da harshe. Na bar ta ta ji yunwa kaɗan, rana ta uku ta kama. Yanzu in ki ga yadda take riƙe shi da hannu biyu, kamar ɗiyar komanda! Mata na zuwa kallo. Na shimfiɗa zane mai kyau, na zauna na harɗe ƙafa yadda kika yi, na ji ni ma ina cikin wani labari.

Kwanakin farko ƙirjina ya cika ya yi tauri har na yi zazzaɓi, amma yanzu ya sauka, na huta. Surukata na ta gunaguni, wai ba ta taɓa ganin akuya ta bar ɗanta ga ƙwarya ba. Tsofaffi dai ba su son sabon abu.

Ruwan namu da kika raina, ina tace shi da kallabi mai tsabta har ya yi haske. Rijiyar ta ja baya bana, sai an jira laka ta kwanta. Ina dafa shi in akwai wuta a murhu. In babu, ai ba a hura kara don bibero guda. Rubutun jikin gwangwanin faransanci ne ƙanana kamar ƙwan tururuwa, ni kuwa aji huɗu na bar lekol. Tun da kin hana ni adadin cokali don rowa, ina sawa har ruwan ya yi fari. Abu ɗaya, tana saurin ƙarewa, shi ya sa na ɗan rage hannu.

Batun yaronki kuma na gane. Ɗan fari ne, kunya ce ta hana ki faɗin sunansa, har da cewa ba ki san shi ba. Ashe duk yawon Turai bai raba ki da halin ƙasarmu ta Adar ba! A tele kin iya cewa "nawa" gaban duniya, a takarda kin kasa. Ki shafa mini kansa.

Nan da wata ɗaya zan kai ta Kaita a ɗauki hoto. Zan aiko miki ɗaya, ki gwada da naki.

Fa'iza

*

Tamaske, 7 ga Mayu, 1996

Lantana,

Ina gaisuwa, da fatan kin yi layya lafiya. Ban ji daga gare ki ba. Haruna ya ce ya ba mai gadi takardar, wai ba ki nan.

Zaliha ba ta jin daɗi. Kwana tara ke nan tana zawo, wani lokaci da amai. Mata sun ce haƙori ne, an ɗaura mata laya, an ba ta jiƙo. Na duba bakin, ban ga haƙori ba. Na ce bari in mayar da ita ga nono kafin ta warware, ta kama ta ja ta ja, ta saki ta yi kuka. Na matsa da hannuna, ɗigo biyu ya fito kamar ruwan wanki. Ban san nono na tafiya haka ba, ba wanda ya taɓa gaya mini. A littafi ba a faɗin irin wannan.

Sai na koma ga gwangwani, don shi kaɗai take samu. In ta sha ya fita, in ba ta sha ba ta yi ta kuka.

Naki ya yi haka da farko? Ƙila sabo ne cikinta bai yi ba tukun. In akwai wani abu da ake haɗawa wanda ku na birni kuka sani, ki taimaki baƙauya. Na yarda kin ci wannan karon.

Ban je hoton ba.

Fa'iza

*

Asibitin mishan, 30 ga Mayu, 1996

Lantana,

Ina fatan kina lafiya. Ni lafiyata lau, Zaliha ce.

Yau kwananmu goma sha ɗaya a nan. Ranar da muka taso, maɗigarta ta faɗa har ana iya zuba ruwa a wurin, idonta ya shige, ta daina kuka ma. Likitan garinmu ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Haruna ya ɗauko mu bisa buhunan albasa har ƙofar asibiti. Sun nemi jijiya a hannu sun rasa, a kai suka sa mata ƙarin ruwa. Sun aske gefen gashin da nake ta tattali.

Mai kula da ɗakin yara wata ce Elizabet, Kirista, ta kai sa'ar innata, ba ta da wasa. Ta ce, "Mi take ci?" Na zaro biberon daga jaka. Ta cire robar ta shinshina, ta miƙo mini ta ce, "Shinshina." Lantana, kullum ina ɗauraye shi, amma can cikin wuyansa inda yatsa ba ya kai, wari yake kamar ƙwaryar nono da aka manta. Ta ce, "Nononki ciwo ya yi?" Na ce a'a. "Ya ƙafe ne?" Na ce da akwai shi. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce, "To wa ya aike ki?"

Na ce a tele na gani.

Ta ce, "Mai farin leshi." Ba tambaya ta yi ba. Ta nuna gadon da ke gefena, ta nuna na bakin taga, ta ce, "Wanga nata ne, wancan ma nata ne. Na bakin ƙofa an fitar da gawarsa shekaranjiya. Ina roƙon Ubangiji ya haɗa ni da matar nan, ba zan zage ta ba, zagayen safe kawai za ta bi ni."

Ni da na miƙe gaban duk Tamaske na ce danginmu ce, sai ga ni na sa ƙafa na tura jakata ƙarƙashin gado, don gwangwanin na ciki kuma fuskarki na jikinsa.

Zawon ya tsaya. Amma an aza ta bisa ma'auni, watanta bakwai, nauyinta bai kai na ranar da na fara rubuto miki ba. Fatar cinyarta ta yi lanƙwasa kamar ta tsohuwa. Suna ba ta wani haɗi da cokali, rabi na shiga rabi na dawowa. Elizabet na sa ni in ɗora ta a ƙirji sau goma a yini ko nonon zai dawo. Tana sa ni shan kunun gyaɗa har ina jin amai. Ba abin da ya zo.

Ban gaya wa Mahdi ba. Mi zan rubuta?

Takardarki na nan cikin littafin da na zo da shi, na kasa karanta littafin, ita nake ta karantawa. Yanzu kowane layi fuska biyu yake yi mini. Don Allah, don darajar kakanninmu da suka sha nono ɗaya, ki aje wasa gefe sau ɗaya ki amsa mini: da ita kika reni naki?

Fa'iza

*

Yamai, 21 ga Yuni, 1996

Fa'iza,

Ina gaishe ki. Yaya mai jiki? Allah ya sa takardar nan ta same ta da rai, don ban san ko ina rubuta wa uwar mai jinya ba ne ko wata.

Shekaranjiya na dawo daga Lome, wata biyu da rabi muna ɗaukar sababbin reklam. Mai gadi ya miƙo mini takardunki uku a haɗe. Na fara da ta farko ina dariya. Ban kai ƙarshenta ba dariyar ta tsaya, tun wajen kallabi.

Ga amsarki. Ba ni da ɗa. Ban taɓa haihuwa ba, ko ɓari ban taɓa yi ba. Aure biyu na yi, duka a kan haka suka mutu. Da na ce ban san sunan yaron ba, ba kunya ba ce, ban sani ba ne. Ɗan matar mai sharar wurin ɗaukar hoto ne, an zaɓe shi don kumatunsa. Bai taɓa ɗanɗana Farin Wata ba. In ya fara kuka sai a tsayar da kamara, uwarsa ta shiga da shi bayan labule ta ba shi nono, a goge masa baki a dawo mini da shi yana murmushi. Gwangwanin da na ɗaga ba komai cikinsa. Leshin ma na aro ne.

Kin ce in ba ki labarin fim, na ba ki na mota. Ga na gaskiya. Ina da shekara goma sha bakwai wasu suka zo Madawa da kamara, mai shirya fim ɗin ya gan ni ina jan guga ya ce haka yake so, kada in canja komai. A fim na biyu na fito matar da mijinta ya tafi ci-rani bai dawo ba. Kwana uku na yi ina zama da wata bazawara a Buza don in koyi yadda take yin shiru. Da aka nuna shi a Wagadugu, mutane suka miƙe tsaye, wata tsohuwa ta kama hannuna tana kuka ta ce labarinta na faɗa. Ranar na ɗauka aikina shi ne faɗin gaskiya da fuskar wani.

Sannan abin ya mutu a hankali. Masu ba da kuɗin fim suka janye, gidajen sinima suka koma wurin ajiyar siminti. Mai shirya fim ɗinmu yanzu kayan mota yake sayarwa. Shekara shida ba wanda ya kunna kamara a gabana. Na sayar da zannuwana ɗaya bayan ɗaya, mutane na tsayar da ni a kasuwa suna gaishe ni da sunan matar cikin fim, ni kuwa ko kumallo ban karya ba. Da masu sabulu suka zo, har godiya na yi wa Allah.

Ranar tallar madara na ce wa patoro, mai kamfanin, a cire "nawa", a ce "ana renon yara da ita". Ya ce, "Madam, fuskar uwa muka saya." Ya san ba ni da ɗa, kowa a wurin ya sani. Sau goma sha ɗaya na faɗi layin kafin ya yi musu. Na sha ɗayan ya yi kyau don na rufe ido na ɗauka yaron nawa ne. Shi kika gani. Ban taɓa yin wasa mai kyau kamarsa ba.

Na gaya miki ba ta irinku ba ce. Kowace kalma gaskiya ce: tana son ruwan da aka tafasa kowane sha, da biberon da aka dafa, da cokali cikakke. Amma na naɗe ta cikin zagi na miƙo miki, don bakin da na gada da ke ke nan, kuma don in na faɗa miki a miƙe, sai na ji da kunnena abin da nake sayarwa. Na san taubashiya ba a gaskata ta. Ina jin shi ya sa na zaɓi wannan bakin.

Yanzu ki saurara. Ki ɗauko ta ku zo Yamai. Ɗakina biyu, akwai famfo, akwai firigo, akwai likitan yara a bayan layinmu. Na yi wa patoro magana, ban ce madararsa ce ta kwantar da ita ba, na ce ɗiyar ƙanwata ce ba ta da nono. Ya ce zai ba da madara iyakar shanta har a yaye ta. Ba zan ɓoye miki sauran ba, na gama ɓoyo: ya ce a ɗauki hotonta ranar da kuka iso, in ta yi ƙiba a sake ɗauka, a sa ku cikin reklam na baɗi, ke da ita, uwa ta ƙauye ta gaske. Ya ce ni na fara tsufa ga jariri. Za a yi miki kwalliya, a ɗinka miki leshi naki na kanki. Da ruwa mai kyau za ta yi ƙiba, wannan ba ƙarya ba ce.

Kada ki tambaye ni ko zan bari. Shekarata arba'in da ɗaya, ba gona, ba ɗa, ba miji, fuskar nan kaɗai gare ni. Ran Litinin akwai ɗauka, kuma zan je.

Ki gaya wa Elizabet kin san ni. Ki ce na ji saƙonta.

Lantana

*

Asibitin mishan, 4 ga Yuli, 1996

Yaya Lantana,

Na samu takardarki. Ina gaishe ki, kuma na gode da kika amsa. Zaliha na da rai.

Na karanta sau ɗaya, ban iya na biyu ba sai bayan kwana uku. Na so in tsane ki, na zauna na gwada. Amma ni ce na tsaya bakin rijiya ina karanta gargaɗinki da murya ana tafi. Kin faɗa cikin wasa, ni kuma wasan nake so in ji. Ko na yafe ko ban yafe ba, ban sani ba tukun, ba ni da wurin ajiye wannan yanzu.

Ranar kasuwar da ta wuce Rabi'atu ta zo duba mu. Ɗiyar ƙanwar innata ce, tana aure a Allakaye, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Da can in ta zo gidanmu ɓoye littattafaina nake kada ta sa musu maiƙo. Ta zo da ɗanta na goye. Ta tarar ina fama da cokali, Zaliha na kawar da kai. Ba ta tambaye ni ba, ta sauke nata ta miƙo mini, ta ɗauki tawa ta ɗaga riga. Zaliha ta yi jim, sannan ta kama. Ina jin ƙarar haɗiyarta daga inda nake zaune. Ta sha har ta yi gumi a goshi, ta yi barci hannunta na riƙe da wuyan rigar Rabi'atu. Na yi murna, kuma na ji kamar an soka mini wuƙa. Rabi'atu ta ce, "To, shi ke nan, kin ɓata mini shiri. Da na yi niyyar haɗa su aure, yanzu sun zama wa da ƙanwa."

Kwana huɗu ta yi nan. Ma'auni ya motsa, karo na farko. Elizabet ta ce ba ta yi mini alkawari ba, yarinyar ta yi nisa, damina kuma lokacin zazzaɓi ce. Amma in akwai abin da zai riƙe ta, wannan ne. Na gaya mata ke wace ce a gare ni, da abin da kika ce in zo in yi. Ta ce, "Da famfo za ta iya rayuwa can ma, ba zan yi miki ƙarya ba. Sai dai ki san wa zai kalle ki." Sannan ta tafi ta canja wa na bakin taga zane.

Rabi'atu ba ta iya zama. An yi shuka, mijinta na Kamaru, gonar gero na jiranta ita kaɗai, ga daka, ga rijiya mai nisa a gangaren dutse. Ta ce mini, "Nono ina da shi, Fa'iza, hannu ne ba ni da. In na yi noma na yi daka, na mutum biyu ba ya zuwa."

Ba zan ɓoye miki ba, na ga kaina cikin leshin. Na ga Mahdi a tashar Abijan yana nuna gilashi yana cewa matata ce. Tun ina ƙarama abin da nake jira ke nan, wani ya zo ya ce ke, taso. Sai na tuna a ƙofar mai gari ba ni kaɗai ke zaune ba, mu fi talatin ne masu goyo, kuma ni ba za a ce wasa nake ba, don sun san ni, sun san rijiyar da nake sha.

Surukata ta aiko cewa abin kunya ne matar ɗanta ta koma 'yar aikin wata, ɗiyarsu kuma ta tashi tana kiran wata inna. Ƙila haka za a yi. Na rubuta wa Mahdi duka, ban rage komai ba, ban jira amsarsa ba.

An sallame mu. Ki gaya wa patoronki ya nemi wata. Jibi Haruna zai sauke mu Buza, daga nan mu hau amalanke zuwa Allakaye. Zan yi wa Rabi'atu noma da daka da ɗiban ruwa, ita ta shayar da Zaliha har a yaye ta. Ba zan zo Yamai ba.

Fa'iza